Yawo da keke ko da ƙafa a bakin teku: amsoshin tambayoyin mutanen Katsina

Duk Asabar bayan sallar asuba mukan haɗu da kekunanmu a Ƙofar Ƙaura mu zaga gari, wata rana kuma mu miƙa hanyar Daura har hantsi ya ɗaga. A cikinmu akwai masu zuwa Legas sarin kaya, akwai masu zuwa Kwatano ɗauko mota, akwai kuma waɗanda Allah yake kira Umara su yada zango a Jidda. Da yake na zauna a Legas na wasu shekaru, kuma na taka gaɓar teku a garuruwan nan uku, duk wanda zai tafi sai ya tare ni da tambaya. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne, Bakatsine ya san yashi, ya san rana, ya san keke, sai ya ɗauka ya san bakin teku. Yashin can dabam, ranar can dabam, ruwan kuwa bai haɗa komai da na dam ba.

Malam, ina ne teku mafi kusa da mu?

Babu na kusa. Daga Katsina zuwa Legas tafiyar ta haura kilomita 1,000 a mota. Gaɓar tekun Najeriya tana da tsawon kimanin kilomita 853, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa ta Kamaru, amma babban ɓangarenta a yankin Neja Delta fadama ce da kurmi, ba wurin da ake taka keke ba. Inda mutanenmu suka fi samun dama uku ne: Legas da Badagry, Kwatano da Wida a Jamhuriyar Benin, sai Jidda. Ban taɓa ba wa kowa shawarar ya tashi takanas daga Katsina don yawon teku ba. Ka haɗa shi da tafiyar da ta riga ta kama ka, ka ƙara kwana ɗaya ko biyu a kai.

Da keke zan fara ko da ƙafa?

Da ƙafa. Ranar farko ka taka, ka kalli ruwan, ka ga inda yake tsayawa, ka ga yadda mutanen wurin suke yi. Keke sai rana ta biyu.

A Legas ina ne ya dace?

Tsofaffin da suka yi Legas a da za su ce maka Bar Beach, a gefen titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island. Wannan wurin babu shi yanzu, an cike shi da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Gaɓar Lekki kuma yawancinta an killace, sai ka biya kuɗin shiga, kuma ranakun Asabar da Lahadi da yamma kiɗa ne da shaye-shaye. Mai son natsuwa ya je da sassafe a tsakiyar mako, zai tarar da wurin kamar ba shi ba.

Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake zuwa. Ruwanta ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun da aka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa. Kada ka shiga kwale-kwalen da ba a ba ka rigar ceto ba, kuma ka dawo tun rana ba ta faɗi ba.

Mai son tafiya a kan daɓe ya gwada gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Tsawonta kilomita 1.36, kuma da asuba cike take da masu sassarfa. A kan ruwan cikin gari take, ba a kan babban teku ba, amma iskar tana kaiwa. Game da keke a manyan titunan Legas kuwa, ra'ayina kada baƙo ya hau shi kaɗai. Tuƙin can ba irin na titin IBB na Katsina ba ne. Ka nemi masu fita rukuni-rukuni da asubar ƙarshen mako ka bi su, da ɗan gari akan ci gari.

Na ji kana yawan ambaton Badagry da Wida. Me ke can?

Nan ne tafiyar da ta fi tsaya mini a rai. Badagry tana yamma da Legas, kimanin kilomita 60, kan hanyar iyakar Seme. A can ne benen da ake cewa shi ne na farko a Najeriya yake, ginin 1845. Daga bakin ruwan garin za ka shiga kwale-kwale ka tsallaka tsibirin Gberefu, sannan ka taka tafiyar kamar rabin awa cikin yashi da itatuwan kwakwa har teku ya bayyana a gabanka. Wannan hanyar ce aka riƙa bi da bayi a ɗaure zuwa jiragen Turawa, shi ya sa ake kiran ƙarshenta wurin da ba a dawowa.

A Wida ma haka. Hanyar bayi daga cikin gari zuwa gaɓa kimanin kilomita 4 ce, kuma a ƙarshenta akwai babbar ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Daga Kwatano zuwa Wida akwai hanyar masunta da ta bi gefen teku, kusan kilomita 40, tana farawa daga unguwar Fidjrossè. Teku a hannun hagu, kwakwa a hannun dama, ƙauyukan masunta jefi-jefi. A duk wuraren da na taka keke ban ga wadda ta kai ta daɗi ba.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba, cikin waɗanda aka fitar ta waɗannan gaɓoɓi akwai Hausawa. A farkon ƙarni na 19 an kai su da yawa Bahia ta ƙasar Brazil, kuma a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador. Yarbawa suka fi yawa a ciki, amma da Hausawa. Ranar da na taka hanyar Gberefu, da na iso bakin ruwan sai na kasa magana. Na tsaya na yi musu addu'a. Wanda zai je, ina roƙonsa ya sauka daga keke ya taka wannan hanyar da ƙafarsa, ya kuma rage hira.

Mai tsallaka iyaka ya riƙe fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, ya kuma canji sefa tun kafin ya shiga ƙauye.

Alhaji, idan na samu yini guda a Jidda fa?

To ka dace, don nan ne ya fi sauƙi ga baƙo. Titin bakin tekun Jidda, wanda suke kira Kornish, ya kai kimanin kilomita 30 a gefen Bahar Maliya. Sashen arewa da aka sabunta aka buɗe a 2017 yana da hanyar masu tafiya a ƙasa, da wurin taka keke, da wurin wasan yara, da bayi da masallatai. Akwai masu ba da hayar keke. Masallacin Rahma yana can a kan ruwa, idan teku ya cika sai ka ga kamar yana yawo. Daga kudu kuma za ka hango fanfon ruwan Sarki Fahad da yake aiki tun 1985, yana cilla ruwa sama kusan mita 300. Mutanen garin bayan la'asar suke fitowa, su kai har tsakar dare. Ka bi sahunsu, kada ka fita da azahar.

Ashe keke yana tafiya a kan yashin teku?

Ya danganta da yashin. Busasshen da ke sama ba ya tafuwa, taya nutsewa take yi kamar a cikin rafi da rani. Wanda ake bi shi ne jiƙaƙƙen da ruwa ya janye ya bari, wanda in ka taka sawunka ba ya zurfi. Shi ma sai da faffaɗar taya. Keken tsere mai siririyar taya ba shi da aiki a nan. Keken hawan tudu yana yi idan ka ɗan rage iskar taya don ta baje, ka sa giya mai sauƙi, ka zauna daram a kan sirdi, kuma kada ka murɗa kai da ƙarfi. Akwai kekunan da aka ƙera don wannan aikin, faɗin tayarsu kusan inci 4.

Sai dai gaɓar Legas da ta Kwatano a gangare take, kuma igiyar ruwan tana da ƙarfi, don haka jiƙaƙƙen yashin ba shi da faɗi sosai. Sau da yawa dabara ita ce ka bi titin da ke gefe da keke, inda ka ga wuri ya yi maka ka sauka ka tura.

Mene ne batun cikar teku da janyewarsa?

Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma wata ne yake jan sa, rana tana taimakawa. Tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25 ne, saboda haka kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Inda ka bi a bushe da ƙarfe bakwai na safiyar yau, bayan mako guda a daidai wannan lokacin ruwa ne.

Mu da muke lissafi da watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi. Cikar ta fi girma, janyewar ma ta fi nisa, a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. A ranakun bakwai da ashirin da biyu ga wata bambancin kaɗan ne. A Legas tazarar ba ta cika wuce mita ɗaya ba, amma mita ɗaya ta isa ta rufe maka hanyar da ka bi ta gindin duwatsu. Ka fita lokacin da ruwa yake janyewa, ka juyo kafin ya dawo. Jadawalin yana intanet, masunta kuma sun fi jadawalin sani.

Ni fa na iya ruwa, tun ina yaro nake iyo a dam. Ba zan ɗan shiga ba?

Ɗan'uwa, kai ne wanda na fi ji wa tsoro. Wanda bai iya ba yana tsayawa nesa. Ruwan Ajiwa da na Zobe a kwance suke, in ka gaji ka juyo. Teku kuwa duk ruwan da igiya ta turo gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, kuma yakan taru ya koma ta wata siririyar hanya da gudu, kamar kwata bayan ruwan sama. Gudunsa yana iya wuce na gwanin iyo. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: babu kumfa, igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya ɗan fi duhu. Baƙo yana gani sai ya ce ga inda ya kwanta, ya shiga.

Idan Allah ya ƙaddara ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce take kashe mutane. Ka kwanta a kan ruwan ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓar, har ka fita daga cikinsa, sannan ka nufo tudu. Wanda yake tudu kuma kada ya faɗa don ceto in ba gwani ba ne. Ya yi ihu, ya kira masunta, ya jefa jarka ko duk abin da ba ya nutsewa. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a Legas akwai 767, a Jidda 911.

Na taɓa ganin wani saurayi ya ba teku baya yana ɗaukar hoto, ruwa iya gwiwa. Igiya ɗaya ta kwashe ƙafafunsa, kaftaninsa ya sha ruwa ya yi nauyi, da ƙyar wasu masunta biyu suka jawo shi. Tun daga ranar dokar da nake ba duk wanda muka fita tare ita ce: ruwa iya idon sawu, fuska tana kallon teku.

Zafin can ya kai na Katsina a watan Afrilu?

A ma'auni bai kai ba. Mu nan mukan haura 40, Legas kuwa tana yawo ne a 30 zuwa 33. Amma namu busasshe ne, gumi yana fita iska ta ɗauke shi jiki ya huce. Can iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, sai dai ya yi ta zuba jiki bai huce ba. Shi ya sa mutumin da yake taka kilomita 40 a hanyar Daura zai ji ya galabaita a kilomita 15 a Kwatano. Ka rage rabin abin da ka saba a kwana biyun farko.

Ka riƙe ruwa aƙalla rabin lita ga kowace awa. Idan fitar za ta yi tsawo, ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan ɗanyar kwakwa ma yana taimakawa, kuma ana sayar da shi ko'ina. Ruwan teku kuwa ko kurɓa ɗaya, a kowace lita akwai gishiri kusan giram 35, ƙishirwa zai ƙara maka. Jiri, ciwon kai, ko ka ji abokin tafiyarka yana magana ba kan gado, a tsaya a shiga inuwa a jiƙa masa jiki, in bai dawo daidai ba a nufi asibiti.

Wane wata ya fi?

A Legas da Kwatano, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuli, musamman Yuni, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Da damina teku ma ya fi fushi. Jidda kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ta fi sanyi.

Me ya sa dawowa ta fi tafiya wuya?

Iska ce. Da rana ƙasa tana riga ruwa ɗaukar zafi, sai iska ta taso daga teku ta nufo tudu, tana ƙara ƙarfi bayan azahar. Ka fara tafiyarka kana fuskantar iskar tun da sauran ƙarfinka, ta yadda a dawowa za ta riƙa tura ka. A ƙafa ma ka sani tafiya cikin yashi mai laushi tana cin ƙarfi ninki biyu ko fiye na tafiya a kan kwalta.

In tafi da kekena ko in yi haya?

In kwana biyu za ka yi, ka ara ko ka yi haya, ka duba birki da taya kafin ka biya. In za ka daɗe, ana cire tayar gaba a naɗe keken a kwali a sa a mota. Hular kwano dai ka tafi da taka.

Wanda ya kai nasa ya sani gishiri maƙiyin ƙarfe ne. Ko ba ka shiga ruwa ba, iskar kanta tana ɗauke da shi, kwana uku sun isa sarƙa ta fara tsatsa. Duk dawowa ka wanke keken da ruwan daɗi, ka goge ya bushe, ka ɗiga wa sarƙa mai kaɗan ka share ragowar. Baƙin man da masu faci suke lafta mana a gida kada ka sa shi a can, yashi yake kamawa ya zama kamar dutsen niƙa yana cin haƙoran giya.

Salla fa? Ruwan teku yana alwala?

Yana yi. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ka ɗebo a buta ka koma tudu, kada ka tsuguna a bakin igiya.

Alƙibla ba ta da wuyar ganewa. A Legas da Kwatano teku yana kudu, in ka fuskance shi gabas tana hannun hagunka, sai ka ɗan ƙara karkata arewa. A Jidda teku yana yamma, Makka tana gabas, sai ka ba shi baya. Lokacin azahar a Legas yana bayan na Katsina da kusan kwata na awa, don ta fi mu yamma. Hukuncin ƙasaru kuma ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ka faɗa masa kwana nawa ka yi niyyar yi.

Malam, mu mata da yara muna iya zuwa?

Hajiya, ƙwarai kuwa, kuma yaron da ya ga teku da idonsa ba ya mantawa. Ku zaɓi safiya, ku shimfiɗa tabarma sama da layin da ruwa ya bar shara, don wannan layin ne shaidar inda yake kaiwa. Babba ɗaya ga yara biyu, kuma wanda aka ba tsaron yara ya ajiye waya. Yara su sa takalmi saboda fasassun kwalabe da ƙugiyar masunta, ga shi yashin yana ƙuna da rana. Mai hawan keke ta tattare hijabi ko abaya, kada gefensa ya shiga sarƙa ko taya. A Jidda za ki ga mata da yawa suna takawa cikin suturarsu. Ku bar gaɓar Legas kafin magariba, sauro yana fitowa kuma wurin yana canza fuska.

Yaya zan shirya tun ina gida?

Wata guda kafin tafiya ka fara takawa da ƙafa minti 30 kullum, daga Ƙofar Soro ka bi ta Gobarau ka zago, ko ka zaga filin wasa na Muhammadu Dikko. Mutumin Daura ya fara daga Kusugu ya fita bayan gari. Sau ɗaya a mako ka nemi rafin da ya ƙafe ka yi tafiya a cikin yashinsa, a nan za ka ji abin da sha-raɓarka za ta tarar. Keke kuma ka koyi cire taya da faci da hannunka, domin a hanyar Wida ba kowane ƙauye ne da mai faci ba. Wanda zai je bakin dam don motsa jiki ya fara tambayar halin da hanyar take ciki a wannan makon, kada ya tafi shi kaɗai.

Yaya zan yi da mutanen wurin?

Bakin teku wurin neman abincin wasu ne. Da safe za ka tarar da masunta sun yi layi suna jan taru, mutum ashirin ko talatin a igiya ɗaya, suna waƙa. Kada ka ratsa ta kan igiyar da keke, ka sauka ka zagaya ta baya. Ka yi gaisuwa, ko da hannu ne in babu yare, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini. A gaɓar Benin za ka ga wuraren bautar gargajiya da ƙyallaye da tukwane, ba naka ba ne, ka wuce ba tare da taɓawa ko nuni ba. Ka ajiye babban kuɗi da takardu a masauki, ka faɗa wa mai masaukinka inda ka nufa da lokacin dawowa. Ledar ruwan da ka sha ka sa ta a aljihu ka fita da ita. In kuma ka tsaya ka kama wa masunta igiya na ɗan lokaci, za su matsa su ba ka wuri, kuma da taru ya iso tudu kai za a fara yi wa tayin kifi.